Bayan shafin farko na Für Elise

A ƙarƙashin teburin da nake ɗora piyanona akwai wata jakar leda cike da takardun kiɗan da na fara ban gama ba. Ran nan na zazzage ta na ƙirga, goma sha ɗaya. Kowanne shafinsa na farko ya yi baƙi da fensir: lambobin yatsu, da'irori, gargaɗin da na rubuta wa kaina. Shafi na biyu kuwa fes, kamar jiya aka buga shi. Shekara huɗu ke nan ina koyo, kuma sai da na haura arba'in na fara. Abin da nake samu a rana bai wuce minti arba'in ba, bayan isha'i, shi ma in kuran bai tafi ba. Kiɗa ɗaya kan ci mini wata uku ko huɗu, wato a shekara zaɓi uku ko huɗu gare ni kacal. In na yi kuskure sau biyu, rabin shekara ta tafi, kuma mai arba'in da ɗoriya ya san shekaru ba a rance suke ba.

Duk ɗan koyon da ya tambaya me zai ɗauka gaba, amsa biyu yake samu. Wasu su ce ɗauki abin da ranka ke so, son ne zai zaunar da kai. Wasu su ce bi tsani: masu jarrabawar kiɗa na Ingila sun jera kaɗe-kaɗe mataki takwas, maɗaba'ar Henle ta Jamus ta kasa su mataki tara, kada ka tsallake ko ɗaya. Na bi shawarar farko, ita ta cika mini jakar leda. Na bi ta biyu wata shida, saura kaɗan in sa piyanon a kasuwa. Daga baya na gane abin da duka biyun suka manta. Abin da muke ji a salula minti uku ne a hannun gwani. Abin da ɗan koyo zai zauna da shi wata uku shi ne wannan kiɗan a tafiyar hawainiya, hannu ɗaya-ɗaya, gaɓa biyu ana maimaita su sau talatin (gaɓa nake kiran abin da ke tsakanin sanduna biyu a takardar kiɗa). To ma'aunina yanzu ke nan: kafin in ɗauki kiɗa sai in kaɗa hannun hagu shi kaɗai, a hankali ƙwarai. In na ji abin saurare a ciki, na ɗauka. In ban ji ba, komai daɗinsa a faifai, ya jira.

Mu fara da wanda ya fi kowa cika jakunkunan ƴan koyo. Beethoven ya rubuta Für Elise a 1810, bai buga shi ba, sai a 1867 wani masani mai suna Ludwig Nohl ya fitar da shi, shekara arba'in bayan mutuwar mai shi. Takardar asalin ta ɓace, har yau ana gardama a kan wace ce Elise ɗin. Kiɗan kashi biyar ne: sanannen ɓangaren nan yana zuwa sau uku, baƙi biyu suna shiga tsakani. Shafin farko yana da sauƙi don hannuwan ba sa aiki tare, karɓa-karɓa suke yi. Hagu ya buga sauti uku ya tsaya, dama ta ɗauka. Cikin mako uku mutum ya iya, ƴan gida su fara cewa ashe ka ƙware. Amma ka kaɗa wannan hagun shi kaɗai ka ji: sauti uku, shiru, sauti uku, shiru. Ba abin da yake koya wa hannu, ba kuma abin da yake ce wa kunne.

Sai baƙo na farko ya shigo da gudunsa, yatsun dama su harɗe. Sai na biyu, inda hagu ke sarar sauti guda, la, ba ƙaƙƙautawa, dama kuma tana dafa dunƙulen sautuka masu nauyi a kansa. A ganina nan ne kawai Beethoven ya nuna fuskarsa ta gaske a cikin kiɗan, kuma nan ne akasarin masu cewa sun iya Für Elise ba su taɓa takawa ba. Ni ranar da na fara kai wa ƙarshen wannan ɓangare, inda dama ke hawa sama hawa uku, ɗan yatsana ya sauka a kan roba. Piyanona na lantarki ne mai maɓalli 61, cikakken piyano kuwa 88 gare shi, kuma hawan ya wuce inda nawa ya ƙare. Ba na cewa kiɗan ba shi da kyau. Aibinsa a matsayin darasi shi ne shafinsa na farko na ɗan wata shida ne, sauran na ɗan shekara huɗu, ba gada a tsakani.

Ba zan daɗe a kan masu gudu ba. Fantaisie-Impromptu na Chopin, wanda shi ma sai bayan mutuwarsa aka buga a 1855, dama na buga huɗu a lokacin da hagu ke buga uku, kuma kyansa duka a cikin gudun yake. Ka rage gudun, ya zama lissafi. Kashi na uku na sonatar Beethoven da ake wa laƙabi da Hasken Wata haka nan. Waɗannan biyun suna cikin jakata, kuma na san girman kai ne ya sa su ciki.

Tarkon da ya fi wannan haɗari shi ne na masu tafiya a hankali, don su ba sa ba mutum tsoro. Mutum ya dubi takarda ya ga sautuka ƴan kaɗan, ya ce wannan ai nawa ne. Gymnopédie na ɗaya na Erik Satie, na 1888, abu ɗaya yake koyarwa: hagu ya taɓa ƙasa ya yi tsalle zuwa tsakiya ba tare da ido ya raka shi ba. Darasi ne mai amfani, amma da ma kiɗan a hankali yake, in ka ƙara rage shi don koyo sai ya wargaje, kuma in ba ka da feda mai riƙe amo sai ya fito kamar ɗigon rufin kwano. Träumerei na Schumann ya fi yaudara. Yana cikin kundin 1838 mai sunan ƙuruciya, sai mutane su ɗauka na yara ne, alhali manya ya rubuta wa, masu tuna ƙuruciya. Muryoyi huɗu ne aka raba wa hannu biyu, ga miƙa yatsu da ƙaramin hannu ba ya kaiwa.

Wanda ya fi ba ni wahalar yanke hukunci shi ne Prelude na huɗu cikin ashirin da huɗu na Chopin, Op. 28. Shafi ɗaya ne, gaɓa 25. Wannan kam ya ci jarrabawata, har ya wuce. Dama kusan ba ta yin komai, sautuka biyu maƙwabta take kai da komo a kansu. Labarin duka a hagu yake: yatsu uku suna dafa dunƙule ɗaya, sau takwas a gaɓa, can sai yatsa ɗaya ya zame rabin taki ƙasa, can wani ya bi shi, kamar katangar ƙasa da damina ke ci kaɗan-kaɗan, ba ka ga lokacin da ta faɗi ba. Na yi mako biyu ina kaɗa hagun nan shi kaɗai ban gaji ba. Kusa da ƙarshe Chopin ya sa shiru mai tsawo kafin dunƙule uku na rufewa, kuma ɗan koyo ba ya iya jure wannan shirun, sai ya yi sauri ya cike shi. An kaɗa wannan kiɗa a jana'izar Chopin a cocin Madeleine na birnin Paris a 1849.

Ran Asabar nakan je wurin wani dattijo ɗan asalin Togo da ya daɗe yana kaɗa wa wata majami'a a nan Yamai, yana da tsohon piyano na katako a ɗakinsa. Da na kaɗa masa wannan, ya bari na kai ƙarshe, ya ce, "Malam, hagunka dakan hatsi yake yi." Na ce, "Baba, ai ban kuskure ko ɗaya ba." Ya ce, "Ban ce ka kuskure ba. Amma wa ya mutu?" Abin da yake nufi, yatsu uku na hagu dole su fi yatsa ɗaya na dama laushi, kuma wannan ba a koyonsa a maɓallan roba marasa nauyi. Hukuncina ke nan: mai samun piyanon gaske ko da sau ɗaya a mako ya ɗauka, zai ƙaru. Wanda ba ya samu ya haƙura tukuna, don zai koyi sautukan ya rasa kiɗan, ya kuma ɗauka ya gama.

Masu cewa a bi tsani ma ina da magana da su. Wata shidan da na ambata a kan darussan Czerny na ƴan farko na yi su. Hagu a can bawa ne, tsari ɗaya yake juyawa daga sama har ƙasa, kuma babban mutum da ya wuni a wurin aiki ba zai dawo ya ba wannan minti arba'in ɗinsa ba. Yaro ɗan shekara takwas yana da shekarun da zai zubar, ga kuma mai tsare shi. Lambar mataki tana auna yawan sautuka da gudunsu, ba ta auna ko mutum zai so ya sake buɗe takardar gobe. Burgmüller, da darussansa 25 na Op. 100, ya fi Czerny tausayi nesa ba kusa ba, sonatina ta farko ta Clementi kuma tana gyara gudun yatsu. Na yi su, ban yi nadama ba, ban kuma yi kewarsu ba.

Dattijon nan ne ya ɗora mini Bach a gaba, ni kuwa ina ta noƙewa, don a faifai kiɗan ya yi mini kama da keken ɗinki. Bach ya rubuta ƙananan kaɗe-kaɗe goma sha biyar masu murya biyu da ya kira Inventio. Ya fara su ne a littafin koyon ɗansa Wilhelm Friedemann wanda aka buɗe a 1720, ya sake kwafe su tsaf a 1723, kuma a gabatarwar ya bayyana cewa babban burinsa shi ne ɗalibi ya iya sa kayan kiɗan ya yi kamar mai rera waƙa. Na farkon gaɓa 22 ne kawai. Dama ta fara da ƴar jimla mai sauti bakwai, huɗu suna hawa taki-taki, sauran ukun su komo gida suna tangaɗi. Kafin gaɓar farko ta ƙare hagu ya karɓi jimlar a ƙasa. A gaɓa ta uku Bach ya kifar da ita, abin da ke hawa ya koma sauka, hagu kuma yana taka sautuka huɗun farko a hankali, ninki biyu na tsawonsu. A gaɓa ta bakwai sai a yi musanya, hagu ya ja gaba, dama ta bi. Daga farko har ƙarshe kusan ba wani abu a cikin kiɗan sai wannan ƴar jimla, a tsaye, a kife, a miƙe, a gutsure.

Duk wanda ya saurari makaɗan fada irin su Ɗanƙwairo ya san ƴan karɓi ba maimaici kawai suke yi ba: kafin uban kiɗi ya sauke sun ɗauka, wani lokaci su ne ke ƙarasa maganar. Haka hagu yake a wurin Bach. Ka kaɗa shi shi kaɗai, waƙa ce cikakkiya. Ka rage gudun yadda ka ga dama, ba ya mutuwa, sai ma ka fara jin abin da gudu ya ɓoye. Wahalar tana zuwa ranar haɗa hannu biyu, kuma wahala ce ta gaske. Na yi kwana goma a kan gaɓa huɗu, in dama ta tafi hagu ya tsaya yana kallo. Sai wani dare abin ya zauna, kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya, kowace da taɓaryarta, ba mai jiran wata, ba mai karo da wata. Wata huɗu na yi kafin in kai ƙarshe. Shi ne kiɗa na farko da shafinsa na biyu ya yi baƙi kamar na farko. Ƙari a kan haka, duka yana cikin maɓallaina 61, ba ya neman feda, kuma da yake kayan kiɗan zamanin Bach ba irin piyanon yau ba ne, roba ba ta cutar da shi kamar yadda take cutar da Chopin.

(Wanda Inventio ya yi wa tsauri ya fara da Minuet ɗin nan na sol da ke cikin littafin Anna Magdalena, matar Bach, na 1725. An daɗe ana cewa na Bach ne, sai a shekarun 1970 masana suka tabbatar na Christian Petzold ne, wani makaɗin birnin Dresden. Na san wanda ya daina kaɗa shi da ya ji haka. Ko sauti ɗaya bai canza ba, suna ne ya canza, kuma wannan ya nuna yawancinmu sunan muke son kaɗawa.)

Bayan Bach sai Schumann, amma na 1848, kundin da ya yi wa yara da gaske, Op. 68. Ya faro ne a matsayin kyautar cikar ƴarsa Marie shekara bakwai, ya ƙare da kaɗe-kaɗe 43, sha takwas na farko na ƙanana, sauran na waɗanda suka tasa. Babban mutum kan ji kunyar buɗe littafin yara, ni ma na ji. Amma na goma, na manomi mai dawowa daga gona da murna, ya ɗora waƙar gaba ɗaya a hagu, dama ce ke rakiya, kuma ba abin da ya fi wannan gyara malalacin hagu. Na sha shida, Erster Verlust, wato rashi na farko, bai cika shafi ba. Ƴar waƙa ce mai saukowa, hagu na shigowa yana kwaikwayonta kamar mai ba da haƙuri, sai a gaɓoɓin ƙarshe a buga dunƙule masu ƙarfi ba zato, kamar yaron da ya gaji da kuka ya buga ƙafa a ƙasa. Abin da na je nema a Träumerei na kasa ɗauka, na same shi a nan daidai ƙarfina. In aka ce in zaɓa wa babban ɗan koyo kiɗa ɗaya a shekararsa ta biyu, wannan zan zaɓa.

Na bar Bartók a baya don shi ne ake gardama a kansa. Mikrokosmos kaɗe-kaɗe 153 ne a littafi shida, ya rubuta su tsakanin 1926 da 1939, biyun farko don ɗansa Péter. Littafin farko ya bushe, ba zan ɓoye ba: hannu biyu suna faɗin abu ɗaya a cikin yatsu biyar. Daga na uku abin ke daɗi. Masu kunnen Turai sukan ce kiɗansa baƙo ne, ni kuwa da na kaɗa na 61, wanda aka gina a kan sauti biyar, sai na ji kamar na leƙa gida, don waƙoƙinmu da yawa a kan sauti biyar suke tafiya. Mutumin ya yi shekaru yana yawo ƙauyukan Hangari da Romaniya da na'urar ɗaukar murya, har Biskra ta Aljeriya ya je a 1913. A wurinsa hagu da dama daidai suke, kuma a ƙarshen kowane kiɗa yakan rubuta minti ko daƙiƙa nawa ya kamata ya ɗauka. Wasu ba su kai minti ɗaya ba. Ga mai minti arba'in, kiɗan da za a gama cikin mako biyu alheri ne.

Wannan ya kai ni ga abin da ba na gani a jerin da ake ba ƴan koyo. Akin Euba na Nijeriya ya daɗe yana kira da a rubuta wa piyano kiɗa da tunanin ganga, J. H. Kwabena Nketia na Gana kuma ya fitar da kaɗe-kaɗe goma sha biyu na koyo a kan wannan hanya a 1994, cikinsu har da wanda ya gina a kan waƙar aiki ta Builsa, mutanen arewacin Gana. William Chapman Nyaho ya tattara irin waɗannan ayyuka na Afirka da na ƴaƴanta da ke waje a littafi biyar da maɗaba'ar jami'ar Oxford ta buga, an jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Na shiga da alfahari, ina cewa bugu biyu a kan uku ai da shi aka yi mana rawa tun muna goye. Kunne ya sani, ƙafa ta sani, yatsu kuwa ba su taɓa ji ba, sai da na koma ina tafa cinya ina ƙirgawa kamar kowa. Abin da ya rage shi ne samun takardun. Bach da Schumann da Chopin kyauta suke a intanet, a rumbun IMSLP, waɗannan kuwa sai an saya, sai kuma an sami mai zuwa daga waje ya riƙo.

Akwai abin da za a iya ce mini, kuma gaskiya ne: ba wanda ya sayi piyano don Inventio. Wani kiɗa ne ya kama mutum wata rana, a fim ko a rediyo, kuma in aka raba shi da wannan gaba ɗaya, wutar na iya mutuwa. Ni ma ban zubar da jakar ledar ba. Na dai daina ba ta minti arba'in, ina ba ta biyar na ƙarshe.

Na watanni masu zuwa na riga na zaɓa. Inventio na huɗu, mai bugu uku-uku, inda akwai wurin da hagu zai yi ta karkarwa a kan sautuka biyu gaɓa bayan gaɓa dama na yawo a sama. Na gwada hagun shi kaɗai daren jiya, ya yi mini. Sai waƙar aikin Builsa ta Nketia. Minti biyar ɗin ƙarshe kuma na ba Für Elise, amma na naɗe shafin farko na mayar jaka, baƙo na biyu kawai nake yi, hagu yana sarar la ɗinsa. Ƴata ta leƙo tana hamma ta ce, "Baba, yaushe za ka buga mai daɗin nan?" Na ce mata sai Asabar, a gidan dattijo, inda maɓallan suka kai.